Yadda ake lissafin ruwan kogin Haɗejiya a kwamfuta, da wuraren da lissafin ke kuskurewa

Duk ruwan saman da ya sauka tsakanin duwatsun Ririwai da garin Wudil, ƙaddararsa ba ta wuce huɗu ba. Ko dai ya malala a doron ƙasa ya faɗa rafi, ko ƙasa ta shanye shi ta riƙe wa saiwar shuka, ko ya zarce can ƙasa ya tarar da ruwan rijiya, ko kuma rana da ganye su mayar da shi sama. Abin da ake kira samfurin kwamfuta na kwarin kogi, littafin shiga da fita ne na waɗannan hanyoyi huɗu, ana cike shi kullum, fili bayan fili, shekara da shekaru. Idan aka ɗora masa lissafin laka da taki da dattin da ruwan ke kwasa a hanya, ya zama samfurin ingancin ruwa ke nan.

Dalilin da ya sa ake wahalar gina shi a fili yake. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, da ta Challawa da ke kusa da Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, su ke riƙe da mafi yawan ruwan da a da yake sauka kai tsaye zuwa Haɗejiya da fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan nan ɗaya ne, masu jiransa kuwa da yawa: famfunan birnin Kano, manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, na Auyo, masunta da makiyaya na ƙasa. Ba wanda zai rufe ƙofar dam shekara biyar don ya ga abin da zai sami mutanen Gashuwa. A kwamfuta ana iya yin wannan gwaji cikin minti kaɗan ba tare da gonar kowa ta bushe ba.

Manhajar da aka fi amfani da ita a irin wannan aiki ita ce SWAT, wadda sashen binciken noma na gwamnatin Amurka ya ƙirƙira a Texas a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Jeff Arnold. Kyauta ce, kuma tana hawa kan manhajar taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce. Akwai wasu, irin su HSPF da HEC-HMS, amma SWAT ta fi shahara a inda noma ya yi yawa domin tana lissafin shuka da taki da ban ruwa. Sai dai a riƙa tunawa da inda aka haife ta. Yawancin ƙa'idojin da ke cikinta daga gonakin Amurka aka auno su, kuma wannan zai dawo mana a gaba.

Aikin yana farawa da taswirar tudu da gangare. Wadda aka fi saukewa ita ce ta SRTM, da jirgin sama jannati ya auna a watan Fabrairun 2000, inda kowane murabba'i mai faɗin mita 30 yake da lambar tsayinsa. Manhajar tana duba kowane murabba'i ta tambayi wanne ne mafi ƙasa a cikin maƙwabtansa takwas, ta tura ruwa can. Da haka take zana rafuka da kanta, ta raba kwarin zuwa ƙananan yankuna. A saman Tiga, inda ƙasa ke da gangare sosai, zanen yakan fito daidai. Daga Wudil zuwa ƙasa labari ya canja. Ƙasar ta kwanta, kuskuren taswirar kuma yana iya kaiwa mita da dama, ya fi gangaren da kansa, sai ka ga kwamfuta ta bi da kogi ta tsakiyar gari ko ta haɗa shi da wani kwari daban. Maganinsa shi ne a zana ainihin hanyar kogin daga hoton tauraron ɗan adam, a tilasta wa manhajar ta bi ta. Wanda ya tsallake wannan dubawa, duk abin da ya gina a kai ya karkace tun daga tushe.

Sai taswirar irin ƙasa, yashi ce ko laka, da ta amfanin ƙasa. Manhajar tana ɗora su a kan ta gangare, duk inda irin ƙasa da irin shuka da gangare suka zo ɗaya sai ta tara su a rukuni guda, ta yi musu lissafi ɗaya. Don a rage nauyin aiki, akan ce ta watsar da duk rukunin da bai kai kashi 10 ko 20 cikin ɗari na yankinsa ba. A lissafin yawan ruwa wannan ba ya cutarwa sosai. A lissafin ingancin ruwa kuwa ɓarna ce babba, domin abubuwan da ake watsarwa su ne unguwanni da masana'antu da siraran lambunan bakin kogi, wato ainihin inda datti da taki suke fitowa. Dole a ware su a ce kada a taɓa.

Yanzu ga zuciyar lissafin. SWAT tana ƙiyasta ruwan da zai malala da wata lamba da ake kira CN, daga sifili zuwa 100. Yashin jigawa mai ciyawa yana da ƙaramar lamba, kwalta da rufin kwano suna kusa da 98. Daga lambar ake fitar da abin da ƙasa za ta iya riƙewa: a raba 25,400 da CN, a cire 254. Idan CN 80 ce, an sami milimita 63.5. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato milimita 12.7, shi ne ruwan da zai sauka kafin komai ya fara gudu. A ce an yi ruwan milimita 50. A cire 12.7, saura 37.3, a ninka shi da kansa, a raba da jimlar 50 da kashi huɗu cikin biyar na 63.5. Amsar ita ce milimita 13.8 suka malala. Da CN 70 ce, ruwan nan na milimita 50 zai ba da 5.8 kawai. Da 90 ce, zai ba da 27. Tunda milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita dubu ne, kuskuren maki goma a wannan lamba, a faɗin ƙaramar hukuma guda, miliyoyin kubik mita ne a dare ɗaya.

A nan ne teburin Amurka yake yaudarar mai aiki a ƙasar Hausa. Teburin ya ce ƙasa mai yashi tana shan ruwa, a ba ta ƙaramar lamba. Manomi kuwa ya san faƙo: filin da dabbobi suka tattake, ciyawa ta ƙare, ɗigon ruwan sama ya daddaki samansa har ya yi ɓawo. Ƙarƙashinsa yashi ne, amma ruwa yana gudu a kansa kamar a kan daɓe. Wannan ne ya sa wasu kogunan Sahel, irin su Sirba da Gorouol da ke zuba a kogin Neja, suka ƙara kawo ruwa bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 duk da ruwan sama ya ragu. Taswirar ƙasa ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka zana a ma'aunin ɗaya bisa miliyan biyar, ba ta ganin faƙo. Sai an shiga fili da ƙafa, ko a nemo tsofaffin rahotannin binciken ƙasa na yankin, sannan a gyara lambar da hannu.

Ruwan sama da kansa shi ne mafi girman tushen kuskure, kuma ya kamata a daɗe a kansa. Hadarin damina a nan gungu-gungu yake zuwa. Ana iya tafka ruwa a Rano, Kibiya ba ta ga ɗigo ba. Tashoshin auna ruwa masu dogon tarihi ba su da yawa, don haka akan koma ga ƙiyasin tauraron ɗan adam irin CHIRPS, wanda yake da bayanai tun daga 1981 a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita biyar. Yana da amfani ƙwarai wajen jimlar wata da ta shekara, amma yakan baje ruwa ya rage masa kaifi. Mu koma kan filin nan mai CN 80. Idan milimita 50 suka sauka a rabinsa, ɗaya rabin bai samu komai ba, matsakaicin abin da ya malala milimita 6.9 ne. Idan aka ba kwamfuta matsakaicin ruwan, wato milimita 25 a ko'ina, za ta ce milimita 2 suka malala. Jimlar ruwan sama ɗaya ce, ambaliyar ta ragu fiye da sau uku. Mai aikin da bai gane wannan ba sai ya yi ta ɗaga CN don kogin kwamfuta ya kamo na gaskiya, ya gyara kuskuren ruwan sama da kuskuren ƙasa. Hanyar da ta dace ita ce a kwatanta bayanan tauraron da na tashoshin NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da na ayyukan noma da ake da su, rana da rana, a duba yawan kwanakin ruwa da girman manyan ruwaye, a gyara kafin a shigar.

Kason da ya fi kowane girma shi ne wanda ke komawa sama. A ƙasa irin ta Kano, mafi yawan ruwan shekara ta ganye da fuskar ƙasa yake tafiya, abin da ke isa kogi ɗan kaɗan ne a kansa. Manhajar tana da hanyoyi uku na ƙiyasta shi. Ta Penman-Monteith ta fi cika, amma tana son zafin rana da laimar iska da gudunta da ƙarfin haske. Ta Hargreaves zafi mafi girma da mafi ƙanƙanta na kullum kawai take buƙata, shi ya sa ake yawan zaɓarta inda bayanai suka yi ƙaranci. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ke lura da shi ba. SWAT ta asali tana sa itatuwa da ciyayi masu daɗewa su yi barci idan yini ya gajarta, kamar yadda suke yi a sanyin ƙasashen Turai da Amurka. A nan tsawon yini ba ya canjawa sosai, ruwan farko ne ke tada ciyawa, rani ya kwantar da ita. Idan ba a gyara ba, sai a tarar daji ya yi kore shar a kwamfuta a watan Maris ana tsakiyar bazara. Kafin a yarda da kowane sakamako, a zana yadda ganye ke ƙaruwa da raguwa wata-wata a samfurin, a ga ko ya yi kama da abin da ido ya sani. Su kuma gero da dawa da masara da shinkafa, a rubuta musu ranar shuka da ta girbi da hannu.

Daga dam zuwa ƙasa, ruwan sama ba shi ne mai iko ba. Ruwan da ke wucewa ta gadar Wudil a watan Fabrairu, wanda aka saki ne daga Tiga da Challawa. Babu lissafin ƙasa ko na shuka da zai faɗi ranar da ma'aikaci ya buɗe ƙofa. Sai an samo littafin sakin ruwa na kullum ko na wata daga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, tare da tsayin ruwan tafkin, da abin da aka ja zuwa magudanar Kadawa, da wanda matatun ruwan sha na Tamburawa da Challawa ke ɗiba. A haɗa da ƙafewar fuskar tafki, wadda a wannan yanki takan kusanci mita biyu a shekara, da kuma ƙananan dam-dam da ke warwatse a jihar Kano, irin su Bagauda da Watari. Samfurin da aka gina ba tare da waɗannan ba, kogin da yake lissafawa ya daina wanzuwa tun 1974.

Ƙasan Wudil kuma dutsen da ke ƙarƙashi ya ƙare, kogi ya hau kan yashi da lakar tsohon kwarin Chadi. A sama ƙasa ce ke ɗura wa kogi ruwa, a nan kogi ne ke ɗura wa ƙasa. Manhajar tana da wurin rubuta yawan ruwan da gindin kogi ke tsotsewa, amma a sifili yake zuwa, kuma da yawa suna barinsa haka. Da an wuce Haɗejiya, SWAT ta kai iyakarta gaba ɗaya. An gina ta ne a kan cewa rafuka haɗuwa suke yi, kowane reshe yana da mafita ɗaya. Kogin Haɗejiya kuwa rabuwa yake yi, wani ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani Burum Gana, wani tsohuwar hanya, kuma rabon yana canjawa gwargwadon inda ciyawar kacala da yashi suka toshe. Wannan sashe yana buƙatar manhajar da ke lissafin yaɗuwar ruwa a fili, irin HEC-RAS, ko lissafin shiga da fita na fadama kamar wanda Hollis da Thompson na jami'ar Landan suka yi a shekarun 1990, inda suka nuna yadda faɗaɗa noman rani a sama ke rage faɗin ambaliyar da mutanen fadama ke rayuwa a kanta.

Bayan an gina, sai saiti. Ana barin shekaru biyu ko uku na farko don ƙasar kwamfuta ta jiƙa ta daidaita, ba a ƙirga su. Sauran shekarun a raba biyu. Da kashi na farko ake murɗa lambobi, CN da ƙarfin riƙe ruwa na ƙasa da jinkirin ruwan ƙarƙashi, har kogin kwamfuta ya kusanci wanda aka auna. Kashi na biyu na jarrabawa ne, ba a taɓa komai, a ga ko zai ci. Kowane kashi ya ƙunshi shekarar fari da ta ruwa mai yawa. Ma'aunin da aka saba shi ne na Nash da Sutcliffe, na 1970: ɗaya na nufin daidai cif, sifili na nufin samfurin bai fi mutumin da ya faɗi matsakaici kullum ba. Ƙa'idar da Moriasi da abokan aikinsa suka fitar a 2007 ta ce a lissafin wata-wata, sama da 0.5 ya wadatar, muddin jimlar ruwan ba ta kauce da fiye da kashi 25 cikin ɗari ba.

Wannan maki yana da sauƙin samu a kogin da ke cika a Agusta ya ƙafe a Maris, domin duk samfurin da ya san damina da rani ya riga ya ci rabin jarrabawa. Manhajojin saiti irin SWAT-CUP suna gwada haɗin lambobi ɗaruruwa, kuma sau da yawa haɗi goma mabambanta su ba da maki ɗaya, wani ya ce ruwan ta sama ya zo, wani ya ce ta ƙarƙashi. A yawan ruwa ba a ganin bambancin. Da an zo tambayar taki sai ya fito, domin a cikin sinadaran taki, fosfaras yana bin laka ta sama, naitret kuma yana narkewa ya bi ta ƙasa. Don haka bayan maki, a buɗe jimlar shekara a duba kason kowace hanya, a tambayi wanda ya san yankin ko ya yi hankali.

Shi kansa ma'aunin kogin abin bincike ne. Abin da ma'aikacin awo ke rubutawa safe da yamma tsayin ruwa ne a jikin sanda. Ana mayar da shi yawan ruwa da wani jadawali da aka samo ta hanyar auna gudun kogi a lokuta daban-daban. Gindin yashi yana canjawa bayan kowace babbar ambaliya, kacala kuma tana tare ruwa ya taru ya yi tsayi alhali gudunsa ya ragu. Jadawalin da aka yi shekara ashirin ba a sabunta ba zai ba da lambobi masu kyan gani waɗanda ba su da alaƙa da kogin yau, sannan a tilasta wa samfuri ya bi su.

Ingancin ruwa a ƙarshe yake zuwa, kuma jerin ba ya canjawa: ruwa, sannan laka, sannan taki. Dalili shi ne nauyin gurɓata ninki ne na yawan ruwa da kaurin abin da ke ciki. Miligiram ɗaya a lita, a kogin da ke gudun kubik mita ɗaya a daƙiƙa, kilo 86.4 ne a rana. Kuskuren ruwa yana shiga kowane lissafi da ke bayansa. Lissafin zaizaya na SWAT ya fi ƙarfi a fuskar gona, ba ya kama kwazazzabo da zaftarewar gaɓar kogi yadda ya kamata, waɗanda a wurare da yawa su ne manyan masu cika dam da yashi. Mai saitin da bai san haka ba zai ɗora wa gonaki laifin lakar da ba tasu ba, shawarar da za ta biyo baya kuma ta tafi inda ba a buƙatarta.

Wajen taki, a shigar da sinadarin da ke ciki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23. Na NPK 15-15-15 yana da kilo 7.5, amma fosfaras ɗinsa na zahiri kusan kilo 3.3 ne, domin lambar da ke jikin buhu ta wani haɗin sinadari ce, sai an ninka ta da 0.44. Takin gargajiya da sharar gari da ake kai wa gonakin kewayen Kano, da kashin dabbobin da ke kwana a gona bayan girbi, ba sa cikin kowace taswirar duniya, sai an tambayi manoma.

Ruwan masana'antu lissafinsa daban ne. A Kano, majemun Challawa da Sharaɗa suna zuba wa kogin Challawa, na Sharaɗa ta rafin Salanta, na Bompai kuma suna bin rafin Getsi zuwa kogin Jakara. Waɗannan ana shigar da su a matsayin bututu mai zuba kullum, da yawan ruwansa da kaurin abin da ke ciki, kuma haɗarinsu ya fi tsanani da rani lokacin da babu ruwan da zai sirka su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam, wani ƙarfe da ake jima da shi, a ruwan sha a miligiram 0.05 a lita. SWAT tana ɗaukar ƙarafa irin wannan kamar fasinja, abin da ya shiga shi zai fita, ba ta lissafin wanda ya kwanta a taɓo da rani ya taso da ruwan farko. Don wannan tambaya sai an ɗebi taɓon gindin kogi an kai ɗakin gwaji.

Ɗibar samfurin ruwa sau ɗaya a wata, ranar da hanya ta yi kyau, yana rasa mafi yawan lakar shekara, domin cikin 'yan kwanakin manyan ruwaye take wucewa. Tsarin da ke ba da lambobin da za a iya saiti da su shi ne a sami mutum a kusa da gada, da kwalabe masu lamba da akwatin ƙanƙara, ya ɗiba lokacin da kogi ke tasowa, da lokacin da ya kai ƙololuwa, da lokacin da yake janyewa, ya rubuta awa da tsayin sanda a jikin kowace kwalba. Na laka suna iya jira, na naitret kuwa a ajiye su cikin sanyi su isa ɗakin gwaji kafin kwana biyu.